Kwayil na Huɗu a Motar Maiwada

A garejin da ke gefen hanyar Funtua, idan an fito daga Malumfashi, akwai wani maɗaci da ya girmi duk rumfunan wurin. A gindinsa Malam Shitu mai wayarin mota yake zama. Kayan aikinsa ba su cika akwati ɗaya ba: filaya biyu, sukundireba huɗu, wuƙar fere waya, ƙusa 'yar inci uku, da wani ƙwan fitilar mota da ya liƙa wa waya biyu tun shekarar 1979. Da wannan ƙwai yake bin sawun wuta a jikin mota. Inda ya taɓa ƙwan ya kama, akwai wuta. Inda ya ƙi kamawa, nan ta tsaya.

Ɗan manomi ne daga wani ƙauye ta wajen Musawa. Yana da shekara goma sha shida ya biyo motar auduga zuwa Funtua, a zamanin da auduga take auduga, lokacin da manyan motoci kan jeru a bakin ma'aikatar gurza, gefen titi ya yi fari fat da abin da iska ta tsinta daga buhuna. Can ya faɗa hannun wani Bayarabe, Baba Lamidi, ya yi shekara bakwai yana koyon aiki. Da zai bar shi, bai fito da kuɗi ba, amma ya fito da ɗabi'u biyu waɗanda har yau bai saki ba. Ta farko, duk abin da ya cire daga mota sai ya danƙa wa mai ita a hannu, ko da guntun fiyus ne. Ta biyu, duk sabon abin da zai sa sai ya ɗauki ƙusar nan ya karta ranar a jikinsa. Direbobi kan yi masa dariya, su ce Malam Shitu yana yi wa kayan mota takardar haihuwa. Shi kuwa sai ya ce ai mutum ke mantuwa, ƙarfe ba ya yi.

Da waɗannan ɗabi'u biyu ya yi shekara arba'in da ɗoriya a gindin maɗacin nan. Ya aurar da 'ya'ya biyar, ya gina ɗaki uku da zaure. Bai je Makka ba tukuna. Abin da ya mallaka wanda ya fi waɗannan duka shi ne maganar da ake yi a kansa daga Malumfashi har Matazu: in Shitu ya ce maka sabo ne, to sabo ne.

Cikin motocin da yake dubawa babu wadda ya sani kamar ta Maiwada. Tsohuwar Fijo ce akori-kura, fara ce a da, yanzu kuwa sai dai a ce kalar hanya. Maiwada da ƙanensa Haladu suka gaje ta daga mahaifinsu, Maiwada ke tuƙi, Haladu ke neman lodi da karɓar kuɗin mota. Ita kaɗai ce motar ƙauyensu, Tudun Gawo. Ita ke kai masara Funtua da kaka, ita ke kai tumatir Danja da rani. Shekara goma sha bakwai da suka wuce wayoyinta suka kama wuta, Shitu ya kwance su duka ya sake mata sababbi da hannunsa, tun daga fitilun gaba har na baya. Yakan ce ko an rufe masa ido zai faɗi inda kowace waya ta fito da inda ta nufa.

A farkon shekarar da muke magana a kanta, kwayil ɗin motar ya mutu. Kwayil wani baƙin gwangwani ne da ke ɗaure kusa da inji, tsawonsa bai kai taƙi guda ba. Aikinsa ya karɓi 'yar ƙaramar wutar batir ya mai da ita mai ƙarfi, wadda za ta yi tartsatsi a bakin fulogi ta kunna mai. In ya mutu, mota ta zama rumfa. Shitu bai yi mamaki ba, don da ya juya gwangwanin ya ga rubutun ƙusarsa, shekararsa goma sha ɗaya a wurin. Ya sa sabo, ya karta tara ga Janairu.

Mako uku aka dawo da motar a ɗaure bayan tarakta. Sabon kwayil ya kumbura, man cikinsa ya tsattsafo ta baki. Shitu ya ce a ransa ƙila an yi rashin sa'a a kanti, ya sa wani. Wannan mako biyu ya yi. A na ukun sai da ya yini a kan motar. Ya auna wutar da ke shiga kwayil, daidai. Ya duba kwantak, wato ɗan bakin ƙarfen da ke buɗewa yana rufewa don yanka wa kwayil wuta, ya same shi ya ɗan ƙone, ya sake shi. Ya sake kwandansa, wato ɗan ƙaramin gwangwanin da ke hana bakin kwantak ƙonewa. Ya goge inda wayar batir ta kama jikin mota har ƙarfen ya yi ƙyalli. Ya duba cajin inji, bai wuce ƙa'ida ba. Ya bar motar tana aiki awa guda yana taɓa kwayil, ɗumi kawai irin na lafiya. Ya sallame su da zuciya ɗaya.

Ranar shida ga Maris, da hantsi, Haladu ya shigo gareji da buhun taki a hannu, Maiwada na biye da shi kansa a ƙasa. Ya zazzage buhun a kan tabarmar Shitu. Kwayil uku suka gangaro.

"Malam Shitu, ina kwana. Ga ajiyarka mun kawo."

"Lafiya lau, Haladu. Ku zauna mana."

"Zaman me? Kwando talatin na tumatirin mutane na sayar a bakin hanya kamar kyauta saboda wancan na biyun. Jiya kuma mata da tsofaffi suka taka da ƙafa tun daga mararraba." Ya ɗaga murya yadda masu faci da masu fenti za su ji. "An ce akwai masu wanke tsohon kwayil, su shafa masa baƙin fenti, su sa a sabon kwali."

"An ce, ko ka ce?"

"To na ce."

"Haladu, ka ji tsoron Allah," in ji Maiwada a hankali. "Mutumin nan shi ya yi wa Baba aiki."

"Yaya, Baba ya rasu. Mutum kuma yana canzawa in zamani ya matse shi."

Gareji ya yi tsit, har mai buga ƙarfe ya ajiye guduma. Shitu ya ji maganar ta sauka a ƙirjinsa kamar an aza masa dutsen niƙa. Ya tattara kwayil ɗin ya jera su a gefen akwati.

Kafin azahar magana ta kai ga Alhaji Muhammad Sani, shugaban ƙungiyar garejin. Ya zo da kansa ya tsuguna kusa da Shitu, ya yi ƙasa da murya.

"Malam, ni na san ka. Amma ƙara ta zo, kuma ka san dokar da muka sa, da kai aka sa ta. Wanda aka samu ya sa tsoho da sunan sabo, ya bar wurin. Saura kwana goma a zauna. Ka zo mana da abin da za mu kama."

Kwana biyu da suka biyo, motoci uku kaɗai suka tsaya a gindin maɗaci. Wani direban da ya saba miƙa makulli ya tafi shan shayi, wannan karon tsayawa ya yi a kansa, ya karɓi kwalin fiyus yana jujjuyawa. Wannan ya fi maganar Haladu ciwo.

Da la'asar ya koma gida da kwayil ɗin a jaka, ya jera su a tsakar gida yana kallo. Matarsa Suwaiba ta ajiye masa fura, ta tsaya.

"Malam, waɗannan ne baƙin da muka yi? In kawo musu ludayi?"

Bai yi dariya ba. Ya juya gwangwanayen yana karanta rubutun ƙusarsa a fili. Tara ga Janairu. Talatin ga Janairu. Sha uku ga Fabrairu. Ga kuma shida ga Maris da aka dawo da na ƙarshe. Ya lissafa da yatsu, ya sake lissafawa. Kwana ashirin da ɗaya, kwana sha huɗu, kwana ashirin da ɗaya. Duka rana ɗaya ce a mako, kuma ya san ranar: washegarin kasuwar Danja.

"Ba ta taɓa mutuwa a hanyar Funtua ba," ya ce, kamar mai magana da kansa. "Masara ta fi tumatir nauyi. In an ce zafi ne, ai a Janairu da rigar sanyi muke aiki. Me ke Danja?"

"Ni ban san mota ba," in ji Suwaiba. "Amma zazzaɓin da ke da ranar zuwa, ba a gane shi a ranar da mutum ke lafiya. Kai kullum sai ta warke ake kawo maka ita."

Ya ɗago ya dube ta, sannan ya jawo kwanon furar.

Washegari ya sayi kwayil na huɗu, ya sa mai kanti ya buɗe kwalin a gaban mutum biyu. Ya hau babur zuwa Tudun Gawo ya ɗaura shi a ƙofar gidan su Maiwada, ya karta ranar. Ya ce ranar kasuwa da shi za a tafi. Haladu ya ce ba laifi, in ta mutu a sami ƙarin mai turi.

Ranar kasuwa rana na fitowa ya isa. Motar na tsaye a kan gangaren bakin masallaci, inda take kwana kullum, don kik ɗinta ya daɗe da mutuwa, sai an gangara da ita take tashi. An lafta mata kwanduna har sun fi kan direba tsawo. A gidan gaba, gefen taga, wata tsohuwa ta riga ta zauna da ƙwaryar daddawa a cinya. Inna Mairo ce, yayar mahaifiyar su Maiwada, wadda ta goya su duka biyun. Gwiwoyinta sun ƙi, ba ta iya zagaya kasuwa, saboda haka a cikin motar take yini, tana sayar da daddawarta ta taga.

"Wannan ne likitan?" ta ce da ta ga Shitu. "Shigo tsakiya, ɗan nan. Ni ba na ba kowa taga, ko hakimi ne."

Shitu, mai shekara sittin da biyar da furfura har gemu, ya gaishe ta ya shiga tsakiya ya takure.

Kafin a tashi sai ga mata suna zuwa ɗaya bayan ɗaya, kowace ta miƙo wayar salula ta taga. Wata an ɗaura mata jan zare, wata an ɗiga mata jan farce, wata roba aka naɗe ta da ita don kada bayanta ya faɗi. Inna Mairo na karɓa tana kiran sunan masu su. Ta sa hannu ƙarƙashin kujera ta jawo wata igiyar caji mai kai shida, ta soma jonawa.

Shitu ya bi igiyar da ido. Ta bi ƙarƙashin tabarmar ƙafa, ta haura, ta shige bayan sitiyari.

"Maiwada, wannan fa?"

"Au, cajin mata ne. Ka san tun bayan kaka wutar garinmu ta lalace. Wani mai sayar da kayan waya a Funtua ya ɗaura mini. In muna tafiya sai su samu ɗan abin da suka samu."

"Ba ka taɓa faɗa mini ba."

"Ai ban ɗauke shi a bakin komai ba, mutumina. In zan zo wurinka naɗe ta nake yi in tura ƙasan kujera."

Shitu ya sunkuya da ƙyar ya leƙa. An fere wayar da ke fitowa daga bayan makulli zuwa kwayil, an murɗa igiyar cajin a kai, an naɗe da leda. Kunya ta kama shi. Sau uku yana aiki a gaban motar nan, bai taɓa leƙa nan ba, saboda shi ya yi wayarin, ya san abin da ke wurin. Ashe abin da ya sani ya tsufa da wata huɗu.

Amma da ya yi tunani, sai murnar da ta fara taso masa ta koma. Waya shida ba su jan wutar da ta kai ta ƙwan fitila ɗaya. Aikin banza ne aka yi, amma ba zai dafa kwayil ba.

Aka gangara da mota ta tashi. Suka bi hanya tana nishi tana tafiya, ba ta yi ko tari ba. A Danja Maiwada ya tsaya inda ya saba, a kan wani ɗan tudu bayan 'yan rake. Ya kashe inji ya bar makulli a jiki, don makullin ya shekara biyar ba ya fita daga raminsa. Shitu ya buɗe bonet ya dafa kwayil. Ɗumi kawai. Haladu, da ke sauke kwanduna, ya dube shi.

"Likita, an gano ciwon?"

"Da saura."

"Kwana huɗu dai suka rage."

'Yan'uwan biyu suka bi dillalai cikin kasuwa. Shitu ya tsaya ya rasa abin yi. Ya zagaya motar sau biyu. Daga nan ya tafi rumfar mai waina ya zauna, ya ci ba don yana jin daɗi ba. Ya tuna Baba Lamidi, wanda ya rasu tuntuni a garinsu, ya tuna yadda yakan ce mai mota ba ya yi maka ƙarya, abin da bai ga muhimmancinsa ba ne kawai yake bari a gida. Ya yi tunanin gindin maɗacin nan da wani zaune a ciki. Ya fi awa guda a wurin kafin ya taso.

Yana kusantar motar hancinsa ya riga idonsa. Ƙauri ne siriri, irin na man da ya yi zafi a cikin ƙarfe, ya ratso ta cikin warin tumatir da daddawa. Ya ɗaga bonet. Inji ya huce sarai. Ya kai yatsa jikin kwayil ya janye da sauri, kamar ya taɓa murfin tukunya a kan murhu. Ya zaro ƙwan fitilarsa daga aljihu, ya kama waya ɗaya a jikin mota, ya taɓa ɗayar a kan kwayil. Ƙwan ya kama tar. Mota a kashe, wuta na kwarara.

Ya zagayo ta wajen direba ya leƙa. Makulli a murɗe yake. A kan allon gaba, daidai inda jar fitilar gargaɗi take, an manna ganyen goro da yawu.

Ya sa hannu ya mai da makullin.

"Kai, ɗan nan, ka kashe mini," in ji Inna Mairo. "Ta Naja'atu ko rabi ba ta yi ba."

"Inna, ke kika murɗa?"

"Da wa zai murɗa? Tafiyar awa ɗaya me za ta ƙosar? Ni na gano da kaina. In na murɗa sau ɗaya, jan idon nan ya buɗe, sai su ci gaba da sha. Waɗannan su ƙoshi in sa wasu. Ranar da kasuwa ta cika har ashirin nake yi. La'asar in kashe, kowa ta zo ta ɗauki tata." Ta gyara ɗaurin kallabi. "Ko sisi ba na karɓa. Jan idon ne ke damuna, shi ya sa na rufe shi."

"Maiwada ya sani?"

"Me zai sani? Shi da ke can yana faɗa da dillalai. Ai ba mai nake ƙona masa ba, injin a kashe yake."

Shitu ya jingina da ƙofa. Ga shi nan, a fili kamar tafin hannu. In inji na aiki, kwantak na buɗewa yana rufewa, kwayil na samun hutu tsakanin kowane tartsatsi. In an murɗa makulli inji na tsaye, sau da yawa bakin kwantak a rufe yake, sai wuta ta yi ta zuba cikin kwayil ba yankewa, tun hantsi har la'asar. Ya dahu a tsaye, sannan a ɗora masa tafiya. Mako ɗaya ya jure, na biyu ya jure, na uku ya fashe. Batir kuwa da zai yi sanyi ya tona asiri, babu mai tambayarsa, tunda turi ake yi.

Ya bayyana mata da sauƙi, da misalin jakin da aka bar wa kaya a baya yana tsaye a rana. Tana saurare, hannunta ya tsaya a kan ƙwaryar.

"To ni ce ke nan na ƙona su."

"Ba ke ba ce, Inna. Wanda ya ɗaura igiyar a inda bai kamata ba, da ni da ban leƙa ba."

"Kada ka yi mini wayo, na haifi wanda ya kusa kai."

Ya buɗe akwatinsa ya kama aiki. Ya kwance igiyar daga bayan makulli, ya naɗe inda aka fere da kyau. Ya ja sabuwar waya daga kan batir kai tsaye, ya sa mata fiyus nata, ya ratso da ita cikin mota ya haɗa da igiyar cajin. Wayoyin matan shida suka yi ƙara ɗaya bayan ɗaya, makulli na kashe.

Yana aikin yana shawara da zuciyarsa. In ya faɗi gaskiya duka, ya wanke kansa, amma tsohuwar nan za ta zama abin nuni a Tudun Gawo, a ce ita ta jawo asarar tumatir, ita ta sa mutane suka taka da ƙafa, alhali alheri ta nufa. Ya yanke zai ce igiyar ce, ya tsaya nan.

Bayan azahar 'yan'uwan suka dawo. Ya nuna musu inda aka fere waya, ya nuna sabon haɗin.

"Nan matsalar take. Na gyara, ba za ta sake ba in Allah ya so."

Haladu ya ɗaga tsohuwar igiyar da yatsa biyu kamar wutsiyar ɓera.

"Wannan? Abin da bai fi zaren ɗinki kauri ba shi ya ƙona kwayil uku? Malam Shitu, ni ban yi boko ba, amma ba a haife ni jiya ba. Ka dai sami inda za ka rataya laifi. Ka adana bayaninka, ka kai wa Alhaji."

Shitu ya soma mai da kaya cikin akwati.

"Haladu."

Inna Mairo ce, ta taga.

"Na'am, Inna."

"Zo nan. Tun kana tsumma bakinka ke riga hankalinka, ban san har yau ba ka warke ba. Mutumin nan rufa mini asiri yake yi, kai kana tona nasa. Ni ke murɗa makullin nan duk ranar kasuwa, tun hantsi har la'asar, wata huɗu ke nan." Ta juya ga Shitu. "Ɗan nan, in na murɗa na ɗan lokaci zai mutu?"

"Minti goma ba za su kashe shi ba, Inna."

"To kai, taɓa gwangwanin yanzu."

Haladu ya taɓa. "Da sanyi."

Ta miƙa hannu ta murɗa makullin, ta ɓalle ganyen goron, jar fitila ta bayyana. Suka tsaya su huɗu suna jira. Wata mata ta zo sayen daddawa, Inna ta sallame ta ba gaggawa, har da gyara. Shitu na duba agogonsa. Da minti goma suka cika ya ɗaga kai.

"Sake taɓawa," in ji Inna. "Da hannun da ka nuna shi da shi."

Haladu ya dafa, ya janye, ya kai yatsun bakinsa. Maiwada ya juya baya, kafaɗunsa na rawa don dariya.

"Wannan minti goma ke nan," ta ce, ta kashe makullin. "Ka lissafa yini guda, tunda kai ne mai lissafi."

Haladu ya cire hula ya tsuguna a gaban Shitu, a nan cikin ɓawon rake.

"Malam, na ci mutuncinka a banza. Ka yafe mini."

"Tashi, Haladu. Allah ya yafe mana duka."

"A'a, kada ya tashi da arha," in ji Inna. "A gaban mutane ya ɓata, a gaban mutane zai gyara. Kuma da ni za a je."

Haka aka yi. Ranar zaman ƙungiya motar ta shigo gareji da ƙafarta, Inna Mairo a gefen taga. Ba ta sauko ba, sai aka jawo bencina kusa da ita. Haladu ya miƙe ya faɗi abin da ya faru tun daga farko, da muryar da ya yi ƙarar da ita, bai rage komai ba. Da ya zo kan makulli yana neman kauce wa sunanta, ta karɓe maganar ta ƙarasa da kanta. Alhaji Muhammad Sani ya ce shekararsa talatin yana sasanta rigimar gareji, bai taɓa ganin wanda ake nema ya kawo kansa a gidan gaba ba. Aka yi dariya, aka yi addu'a, aka watse. Kafin la'asar motoci biyar na jiran Shitu, kuma direban nan mai jujjuya kwali ya miƙa makulli ya tafi shan shayinsa.

A Tudun Gawo ba wanda ya nuna Inna da yatsa. Matan da ta yi wa caji wata huɗu ba su bar ƙofar hakan ba.

Shitu yana nan a gindin maɗacin. Idonsa ya ɗan rage, yanzu da tabarau yake karta rana. Ɗabi'unsa sun zama uku. Duk motar da aka kawo, ko shi ya yi mata wayarin jiya, sai ya durƙusa ya leƙa bayan sitiyari, sannan ya tambayi mai ita wa ke zama a ciki in an ajiye ta. Wasu kan ga tambayar ba ta da kai. Yakan bar su su gama mamaki, ya sake yi.

Kwayil na huɗu ya shiga shekararsa ta uku. Duk ranar kasuwar Danja, in motar ta biyo ta gaban gareji, Maiwada kan danna oda sau biyu, wani hannu kuma ya fito ta taga ya ajiye ƙullin daddawa a kan akwatin Shitu. Inna Mairo na ƙorafin cewa ya raba ta da tuƙi, tunda yanzu ba ta da abin murɗawa. Suwaiba kuwa ta ce tun da aka yi aurensu miyarta ba ta taɓa daɗi irin na shekarun nan ba.